Tsani zuwa sararin samaniya: Tambayoyin da marubuta suka riga injiniyoyi yi

A shekarar 2012 kamfanin gine-gine na Obayashi da ke ƙasar Japan, wanda ya gina hasumiyar Tokyo Skytree mai tsawon mita 634, ya bayyana aniyarsa ta kafa tsani daga doron ƙasa zuwa sararin samaniya nan da shekarar 2050. A tsarin da ya fitar, za a miƙa igiya mai tsawon kilomita 96,000, a ɗaure gindinta a wata tasha da ke kan teku, sannan wasu motoci masu ɗaukar mutane da kaya su riƙa hawa ta jikinta da gudun kilomita 200 a sa'a ɗaya. Matafiyi zai shafe kimanin mako guda kafin ya isa babbar tashar da ke can sama.

Mutane da dama sun ɗauki sanarwar a matsayin talla kawai. Sai dai tunanin ya girmi sanarwar da fiye da shekara ɗari, kuma yawancin waɗanda suka san da shi a duniya sun fara cin karo da shi ne a cikin ƙagaggun labaran kimiyya. Wannan reshe na adabi ba baƙo ba ne ga mai karatun Hausa: tun a 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi balaguro zuwa sararin samaniya. Abin lura a labaran da aka rubuta kan wannan tsani shi ne, marubutansu sun ba injiniyoyi igiyar kyauta, suka ɗauka an riga an ƙera ta, domin su samu sararin tambayar abin da lissafi ba ya amsawa: a ƙasar wa za a kafa shi, wa zai riƙe makullinsa, kuma kan wa zai faɗo idan ya tsinke?

Me ya sa ake neman tsani alhali akwai roka?

Sararin samaniya ba shi da nisa kamar yadda ake zato. Galibi ana ɗaukar cewa yana farawa ne daga tsayin kilomita 100, nisan da bai kai tsakanin Kano da Zariya ba. Wahalar tana wajen zama a can. Duk abin da aka harba sama zai dawo ƙasa, sai fa idan yana gudu a gicciye da saurin da zai sa ya riƙa kewaya duniya maimakon ya faɗo mata. Tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke shawagi a tsayin kimanin kilomita 400, tana gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a ɗaya.

Roka na samun wannan gudu ne ta hanyar ƙona mai, kuma dole ta ɗauki man da za ta ƙona a can sama tun daga ƙasa, wato tana ƙona mai domin ɗaga mai. Saboda haka kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin roka a lokacin tashi makamashi ne. Rokar Saturn V da ta kai Amurkawa duniyar wata a 1969 ta kusa tan 3,000, amma abin da ya dawo gida daga cikinta wani ɗan ƙaramin ɗaki ne mai ɗauke da mutum uku. Kamfanoni irin su SpaceX sun rage tsadar harbawa ta hanyar dawo da wani ɓangare na rokar a sake amfani da shi, amma lissafin man yana nan yadda yake.

Mutumin da ya fitar da wannan lissafi a 1903, wani malamin makaranta ɗan Rasha mai raunin ji da ake kira Konstantin Tsiolkovsky, shi ne kuma ya fara kawo zancen tsanin. A 1895, bayan da hasumiyar Eiffel ta birnin Paris ta ja hankalinsa, ya yi tunanin hasumiyar da za ta miƙe har tsayin kusan kilomita 36,000.

Akwai dalilin zaɓen wannan tsayi. Gwargwadon nisan tauraron ɗan Adam da ƙasa, gwargwadon daɗewarsa kafin ya kammala kewaye ɗaya. A tsayin kilomita 400 yana ɗaukar kimanin minti 90. A tsayin kilomita 35,786, daidai saman layin Ikwaita da ya raba duniya gida biyu, yana ɗaukar kwana ɗaya cur, daidai da juyawar duniyar kanta. Wanda ke ƙasa zai ga kamar an kafe shi a wuri guda. Wannan ne ya sa mai saita farantin kallon talabijin ke juya shi sau ɗaya ya ɗaure, ba ya sake taɓa shi sai iska ta karkatar da shi. Tauraron sadarwar Najeriya, NigComSat-1R, wanda aka harba daga China a watan Disambar 2011, a wannan falaki yake zaune.

Hasumiyar Tsiolkovsky ba za ta ginu ba, domin babu tubalin da zai ɗauki nauyin abin da ke bisansa. A 1960 wani injiniya daga birnin Leningrad, Yuri Artsutanov, ya juya tunanin a wata maƙala da ya buga a jaridar Komsomolskaya Pravda. Ya ce a fara daga sama: a tsaya a wancan falaki a zuro igiya ƙasa, kamar mai zura guga a rijiya, a lokaci guda kuma a miƙa wata igiyar zuwa can waje da wani abu mai nauyi a ƙarshenta. Wanda ya taɓa ganin yaro yana wulwula majajjawa a gona ya san sauran bayanin. Muddin ana juyawa, dutsen yana ja waje, igiyar kuma tana miƙe. A nan duniya ce hannun da ke juyawa. Ƙasashen Yamma ba su san da maƙalar Artsutanov ba sai daga baya, har wani injiniya Ba'amurke, Jerome Pearson, ya sake gano tsarin da kansa ya buga cikakken lissafinsa a 1975.

Igiyar da babu ita

Duk igiyar da aka rataye, idan ta yi tsawo sosai, nauyin kanta zai tsinke ta. Wayar ƙarfe mai inganci na tsinkewa bayan 'yan gomman kilomita. Zaren Kevlar, wanda ake yin rigar sulke da shi, yana kai kimanin kilomita 250. Tsanin yana buƙatar abin da zai jure daidai da kusan kilomita 5,000, tunda ƙarfin janyowar ƙasa yana raguwa yayin da ake yin sama. Ana iya rage matsalar ta hanyar yin igiyar siririya a ƙasa, tana ƙara kauri har zuwa falakin da nauyin ya fi taruwa, amma idan da ƙarfe za a yi, kaurin da ake buƙata a can zai wuce girman duniyar kanta.

Fata ya farfaɗo a 1991, lokacin da masanin Japan Sumio Iijima ya bayyana wasu ƙananan bututu na sinadarin kabon, waɗanda suka fi gashin kai siranta sau dubbai, suka kuma fi ƙarfe ƙarfi nesa ba kusa ba. A farkon shekarun 2000 masanin Amurka Bradley Edwards ya yi nazari da tallafin wata cibiya ta hukumar NASA, inda ya tsara tsani mai kama da ƙyalle, siriri kamar takarda, mai tsawon kilomita 100,000. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. A 2013 masu bincike a jami'ar Tsinghua ta China sun yi shelar samar da bututu guda mai tsawon kimanin rabin mita, kuma an ɗauki hakan a matsayin gagarumar nasara. Idan aka tufka irin waɗannan bututu suka zama zare, ƙarfinsu na raguwa ƙwarai, kuma ƙaramin aibi guda a jikinsu na iya raunana su. A 2018 jami'ar Shizuoka ta Japan ta aika wasu ƙananan taurari biyu da aka haɗa da igiya mai tsawon mita 10 kacal domin gwaji.

Dutsen da sufaye suka ƙi bari

Littafin da ya fitar da tsanin daga mujallun masana zuwa hannun jama'a shi ne The Fountains of Paradise na marubucin Ingila Arthur C. Clarke, wanda ya fito a 1979 ya kuma lashe manyan kyaututtukan wannan fanni guda biyu, Hugo da Nebula. Clarke ba baƙon falakin ba ne. Shi ne a 1945 ya rubuta maƙalar da ta bayyana yadda taurari uku a wannan tsayi za su iya isar da saƙon rediyo kusan ko'ina a duniya, shekara 19 kafin a kafa tauraro na farko a wurin.

Labarin yana faruwa ne a ƙarni na 22. Injiniya Vannevar Morgan, wanda ya riga ya gina gadar da ta haɗa Afirka da Turai ta mashigin Jibralta, ya gano cewa wuri ɗaya tak ya fi dacewa da gindin tsaninsa: ƙololuwar dutsen Sri Kanda a tsibirin Taprobane. A kan wannan ƙololuwa kuwa akwai wurin ibadar sufayen addinin Buddha da suka shafe ƙarnuka a can, kuma sun ce ba za su tashi ba.

Taprobane dai Sri Lanka ce, inda Clarke ya zauna daga 1956 har rasuwarsa a 2008. Ya matsar da tsibirin kudu da kilomita 800 domin ya hau kan Ikwaita, ya kuma ninka tsayin dutsen. Dutsen na gaskiya, Sri Pada, yana da wani sawu a ƙololuwarsa: mabiya Buddha na cewa na Buddha ne, mabiya Hindu na cewa na Shiva ne, Musulmi da wasu Kiristoci kuma na danganta shi da Annabi Adamu. Matafiyin nan Ibn Battuta, wanda daga baya ya ratsa Mali har ya kai Takedda a ƙasar Nijar ta yau, ya hau dutsen a 1344. Clarke ya zaɓi wurin da babu wanda zai ce masa fili ne kawai.

Ya kuma saƙa wani tsohon labari a cikin sabon. Shekaru dubu biyu kafin Morgan, wani sarki mai suna Kalidasa ya kashe mahaifinsa ya ƙwace mulki, ya gina fada a kan wani ƙaton dutse da lambuna da maɓuɓɓugan ruwa, yana neman ya yi aljannarsa a duniya. An ɗauko shi ne daga Sarki Kashyapa na ƙarni na biyar, wanda kufan fadarsa ke nan a Sigiriya har yau. Mai karatu Musulmi zai tuna da Fir'auna da ya umarci Hamana ya gina masa dogon gini domin ya kai ga sammai, Kirista kuma zai tuna da hasumiyar Babila. Clarke ya san da wannan nauyi, kuma ya bar tambayar a buɗe: me ya raba injiniyan da ke cewa don amfanin 'yan Adam yake yi da sarkin da ya gina don girman kansa? Morgan mutum ne mai son a tuna da sunansa, kuma littafin bai ɓoye hakan ba.

Yadda aka warware rikicin ne ya fi jan hankali. An kai ƙara kotun duniya, sufaye suka yi nasara. Daga nan, a lokacin wani gwaji, wani masanin kimiyya da ya taɓa zama cikin sufayen ya yi amfani da na'urar sarrafa yanayi ya tayar da guguwa domin ya lalata aikin. Guguwar ta kwaso wasu malam-buɗe-littafi masu ruwan zinare ta kai su ƙololuwar dutsen, alhali akwai tsohuwar faɗa cewa ranar da suka kai can, zaman sufaye ya ƙare. Sufayen suka tattara nasu ya nasu suka sauka da kansu.

A nan, a ganina, Clarke ya yi wa injiniyansa sauƙi fiye da kima. Morgan ya samu dutsen ba tare da ya kori kowa ba, hannunsa bai ɓaci ba, kuma farashin da littafin ya ɗora masa na jikinsa ne: ya mutu da ciwon zuciya bayan ya hau igiyar shi kaɗai domin kai ɗauki ga wasu masu bincike da suka maƙale a sama. Labari ne mai taɓa zuciya, amma ya kauce wa tambayar da shi da kansa ya tayar.

A zahiri ba a samun malam-buɗe-littafin da zai raba gardama. A shekarun 1980 gwamnatin sojan Birazil ta zaɓi yankin Alcântara, wanda ke kusa da Ikwaita, domin gina tashar harba roka, saboda juyawar duniya ta fi sauri a can, abin da ke rage man da roka ke buƙata. An tashi iyalai fiye da 300, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, daga ƙauyukansu na bakin teku aka mayar da su cikin tudu, nesa da kamun kifin da suka dogara da shi. Sai a 2023 gwamnatin ƙasar ta nemi gafararsu a gaban kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka. A tsibirin Hawaii kuma, a watan Yulin 2019, 'yan asalin wurin sun tare hanyar hawa dutsen Mauna Kea, wanda suke ɗauka da tsarki, domin hana gina wani katafaren madubin hangen taurari mai faɗin mita 30. An kama dattawa fiye da 30, amma aikin ya tsaya. Masana taurari suna da hujjarsu, domin wurare kaɗan ne a duniya ke da sararin sama mai tsabta irin na wannan dutse. Masu zanga-zangar ma suna da tasu: an riga an gina irin waɗannan na'urori fiye da goma a kan dutsen, kuma kowane lokaci ana ce musu don amfanin kowa ne.

Ranar da igiyar ta faɗo

Marubucin Amurka Kim Stanley Robinson ya ɗauki zancen daga inda Clarke ya ajiye shi. A littafinsa Red Mars na 1992, mutum ɗari na farko sun tafi zama a duniyar Mars, kuma bayan wasu shekaru aka gina tsani a kan dutsen Pavonis. Robinson ya sa wa garin da ke gindin tsanin suna Sheffield, dutsen da ke riƙe da ƙarshensa na sama kuma Clarke, domin girmama marubuta biyu da suka fitar da littattafai kan tsanin a shekara guda.

A wannan labari tsanin ya yi aikin da aka gina shi dominsa, kuma daga nan masifar ta fara. Da jigila ta yi arha, sai manyan kamfanonin duniya suka shiga kwashe ma'adinan Mars suna turo dubban ma'aikata da ke zaune cikin ƙunci. Wanda ke riƙe da tsanin shi ke yanke wanda zai shiga da wanda zai fita, da kuɗin da za a biya. Da tawaye ya ɓarke a shekarar 2061 ta cikin labarin, 'yan tawaye suka raba igiyar da dutsen da ke riƙe da ita. Ta faɗo tana naɗe duniyar Mars kusan sau biyu, tana ƙara gudu, tana murƙushe duk abin da ke kan hanyarta.

Injiniyoyin da ke goyon bayan tsanin suna cewa wannan hoto ya yi tsanani. Igiyar Robinson mai kauri ce ƙwarai, ta Edwards kuwa siririya ce, kuma a lissafinsa ɓangaren sama zai tsere waje, wani ɓangaren ya ƙone a iska, na ƙasa ya sauko a hankali. Mai yiwuwa haka ne. Amma batun iko da Robinson ya tayar bai dogara da kaurin igiya ba. Ƙasa ko kamfanin da ya fara gina tsani zai iya kai kaya sama da arhar da babu mai roka da zai iya gogayya da ita, zai kuma iya amfani da na farkon ya gina na biyu. Tarihin mashigin Suez da na Panama ya nuna abin da ke biyo bayan hanya guda da kowa ke buƙata: rikicin Suez na 1956 ya taso ne a kan wanda zai riƙe ta.

Littafin ya kuma ƙunshi wata muhawara da ta fi ta tsanin zurfi, tsakanin masana biyu. Sax Russell yana son a ɗumama Mars, a narkar da ƙanƙararta, a cika ta da tsirrai har mutum ya iya numfashi a fili. Ann Clayborne, masaniyar duwatsu, tana ganin duniyar da ta shafe biliyoyin shekaru a yadda take tana da darajar kanta, kuma za a shafe tarihinta kafin a karanta shi. Robinson bai mayar da ɗayansu mugu ba. Muhawarar ta fito fili a 2015, lokacin da Elon Musk ya ce a wani shirin talabijin na Amurka hanya mafi sauri ta ɗumama Mars ita ce tayar da makaman nukiliya a saman ƙusurwoyinta masu ƙanƙara. Wani nazari da NASA ta ɗauki nauyinsa a 2018 ya nuna cewa iskar da ake buƙata domin wannan ɗumamawa ba ta wadata a Mars ba, idan da fasahar yau za a yi.

Daga China kuma, Liu Cixin ya kai burin ƙarshensa a labarin The Wandering Earth na shekarar 2000, wanda aka mayar fim a 2019. Rana na shirin hallaka duniya, sai 'yan Adam suka kafa dubban manyan injuna domin tura duniyar gaba ɗaya zuwa wani tauraro, tafiyar shekara 2,500. A fim ɗin, ƙuri'a ake jefawa domin zaɓen waɗanda za su shiga biranen ƙarƙashin ƙasa, sauran kuwa a bar su a waje. Kashi na biyu na fim ɗin, wanda ya fito a 2023, ya nuna tsanin sararin samaniya da masu adawa da shirin suka kai wa hari, kuma an kafa gindinsa ne a Libreville, babban birnin Gabon.

Sama da ke bisa Afirka

Masu fim ɗin ba su zaɓi Gabon da ka ba. Tsanin dole ya tsaya a kan Ikwaita ko kusa da shi, kuma a Afirka layin ya ratsa Gabon, Kongo, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, Uganda, Kenya, Somaliya da Sao Tome da Principe, ya kuma bi ta tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya. Ƙasashen da ke da kuɗi da fasahar gina irin wannan abu suna arewa mai nisa. Marubuci Deji Bryce Olukotun, Ba'amurke ɗan asalin Najeriya, ya juya wannan hoto a littafinsa After the Flare na 2017, inda wata gobarar rana ta lalata lantarkin manyan ƙasashe, aka wayi gari tashar harba kumbo da ke kusa da Kano ce duniya ta zuba wa ido.

An taɓa yin wannan jayayya a zahiri. A watan Disambar 1976 wakilan ƙasashe takwas da Ikwaita ya ratsa, wato Kolombiya, Ekwado, Birazil, Indunusiya, Kongo, Zayar, Uganda da Kenya, sun hallara a birnin Bogota, inda aka fitar da sanarwar cewa ɓangaren wancan falaki da ke saman kowace ƙasa arzikinta ne. Tsoronsu shi ne ƙasashe masu arziki su cika guraben kafin matalauta su iya harba tauraro ko ɗaya. Manyan ƙasashe sun yi watsi da sanarwar, suna kafa hujja da yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, wadda ta hana kowace ƙasa mallakar wani yanki na sararin samaniya, wadda kuma Najeriya na cikin waɗanda suka amince da ita. Duk da haka ƙorafin bai tafi a banza ba, domin daga baya hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fito da tsarin da ya keɓe wa kowace ƙasa gurbi. Kolombiya kuwa har yau kundin tsarin mulkinta na 1991 yana lissafa wannan ɓangare na falakin cikin yankinta.

Tarihin aikin sararin samaniya yana da misalan gwajin da ƙasa ɗaya ta yi, kowa ya sha sakamakonsa. A watan Yulin 1962 Amurka ta tayar da bam ɗin nukiliya a tsayin kilomita 400 a saman tekun Fasifik, burbushinsa ya lalata taurari da dama, har da Telstar na sadarwa da kuma tauraron farko na Birtaniya. A 1963 ta watsa ƙananan alluran tagulla kimanin miliyan 480 a falaki domin gwajin sadarwar soja, duk da kukan masana taurari na ƙasashe daban-daban. A 1978 tauraron Tarayyar Sobiyet mai ɗauke da injin nukiliya, Kosmos 954, ya tarwatse a arewacin Kanada, inda daga baya Sobiyet ta biya diyyar dalar Kanada miliyan uku. A 2007 China ta harbo wani tsohon tauraronta da makami mai linzami, ta bar tarkace fiye da 3,000 da ake iya bin sawunsu. Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a falaki zafin bakin kowa yake ƙonawa.

Wannan tarkace babbar barazana ce ga tsanin kansa. Duk abin da ke kewaya duniya yana tsallaka Ikwaita sau biyu a kowane kewaye, don haka duk tauraron da ke ƙasa da babbar tashar, ko ba daɗe ko ba jima, hanyarsa za ta haɗu da igiyar. Masu tsarin sun ce za a riƙa kaɗa igiyar daga tashar teku domin ta kauce. Da yawan taurarin da ake harbawa yanzu, inda kamfanin Starlink kaɗai ke da dubbai, da wuya hakan ya wadatar ba tare da an nemi masu taurari su ma su kauce ba. Ke nan mai tsani zai buƙaci sauran duniya ta gyara masa hanya.

Dokokin da ake da su ba su hango wannan ba. Yarjejeniyar wata ta 1979, wadda ta ce arzikin wata gadon dukkan 'yan Adam ne, ƙasashen da suka amince da ita ba su kai 20 ba, kuma babu Amurka, Rasha ko China a cikinsu. A 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba kamfanoninta damar mallakar abin da suka haƙo a sararin samaniya, Luxembourg ta bi sahu a 2017. A watan Disambar 2022 Najeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a yarjejeniyar Artemis da Amurka ke jagoranta, wadda ta amince da haƙar ma'adinai a wata. Wannan na da muhimmanci ga zancen tsani, domin a duniyar wata, inda ƙarfin janyowa bai wuce kashi ɗaya cikin shida na namu ba, lissafi ya nuna cewa zaren da ake da shi a kasuwa yau zai iya ɗaukar nauyin igiyar. Idan za a ga tsani na farko, akwai yiwuwar a can za a gan shi.

Na duniya kuwa zai ratsa yankuna biyu masu dokoki mabambanta. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ba kowace ƙasa cikakken iko da sararin da jiragen sama ke bi a bisanta, ta 1967 kuma ta ce sararin samaniya ba na kowa ba ne, amma babu yarjejeniyar da ta faɗi tsayin da na farko ya ƙare na biyu ya fara. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da sararin samaniya ta hanyar lumana, wanda ɗan Najeriya Adigun Ade Abiodun ya shugabanta daga 2004, yana tattauna batun wannan iyaka tun 1967, kuma har yanzu yana cikin ajandar zaman da ƙaramin kwamitinsa na shari'a ke yi kowace shekara a birnin Vienna.